Mutuwel ta lafiya a Tahoua: ko ta cancanci zubinta?

Mutuwel, wato asusun da ƴan unguwa ko ƴan sana'a ɗaya ke zuba kuɗi saboda ranar ciwo, ita ce inshorar lafiyar da ɗan kasuwa ko mai kabu-kabu zai iya shiga. Ma'aikacin gwamnatin Nijar nasa daban ne, ana ɗauke masa kashi 80 cikin 100 na kuɗin asibiti. CNSS kuwa, wato asusun ƙasa na ma'aikata, fansho, kuɗin iyali da haɗarin wurin aiki take riƙe da su, ba ruwanta da zazzaɓin cizon sauro.

Shiga ba wuya. Kuɗin rajista sau ɗaya, hoton kowane mutum na gidan, sai zubi na wata ko na shekara bisa yawan kawuna. Akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki, don kada wani ya shigo ranar da ciwo ya kayar da shi. A CSI (ƙaramin asibitin gwamnati) ɗin da aka ƙulla yarjejeniya da shi, ka biya kasonka, asusu ya cika saura.

Matakan gwamnati kuwa suna rage wa mutuwel jama'a. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka awon ciki da tiyatar haihuwa. Daga 1 ga Satumba 2024 an zaftare rabin kuɗin aiki a asibitocin gwamnati, haihuwa ta koma kyauta, an soke jaka 150 da masu wankin ƙoda ke biya. Talaka ya samu sauƙi, ba musu. Sai dai magidanci ya zauna ya yi lissafi: ƙanana kyauta, mai ɗaki kyauta, zubin na mene ne? Da yake shiga ba dole ba ce, masu ƙoshin lafiya su janye, a bar asusu da masu hawan jini da ciwon suga, kuɗi ya kasa.

Lissafin nan ya manta magani. Kyautar ta dogara da kuɗin da baitulmali ke mayar wa CSI. In ya makara, ɗakin magani ya bushe, a miƙo maka ordonans, wato takardar magani, ka nufi farmasi da aljihunka. Nan ake gane mutuwel ta ƙwarai.

Kafin ka zuba ko dala, nemi takardar yarjejeniyarsu ka karanta. Tana biyan maganin da aka saya waje? In CSI ya tura ka babban asibitin jiha, katin zai bi ka? In amsar biyun a'a ce, katin kuɗin ganin likita kawai yake rage maka, wanda gwamnati ta riga ta raba biyu.