Kwas ɗin nazarin ayyukan komin a Tawa: wa zai amfana, wa zai yi asarar kuɗinsa

Bayan girbin bara na cire jika 120 daga aljihuna na shiga wani kwas na makonni huɗu da wata cibiyar horarwa mai zaman kanta take bayarwa a birnin Tawa, wanda aka tallata da cewa yana shirya mutum ya zama mai nazarin ayyukan komin (ƙaramar hukuma), wato ma'aikacin da ake ɗora wa alhakin duba yadda ma'aikatar magajin gari take tafiyar da aikinta, ya gano inda kuɗi da lokaci suke zurarewa, sannan ya rubuta wa shugabanni shawarar gyara. Shekarata bakwai ina aiki a ofishin rajistar haihuwa, aure da mutuwa na wata komin ta karkara a wannan jiha, kuma tun da na dawo abokan aiki da ƙannenmu da suka gama jami'a suke tambayata ko su ma su biya. Domin su na rubuta wannan bayani.

Mu goma sha takwas ne a aji, ana farawa bayan sallar la'asar a tashi da isha'i, daga Litinin zuwa Alhamis, lokacin da ya yi wa ma'aikata daidai. Makon farko na doka ne. An bi da mu ta cikin kundin dokokin ƙananan hukumomi mai lamba 2010-54 na ranar 17 ga Satumba 2010, an bayyana yadda Tawa take da matsayi na musamman da gundumomi biyu a cikinta, kamar yadda Maraɗi take da uku, Yamai da Damagaram kuma biyar-biyar, an kuma tuna mana cewa a 2004 aka fara zaɓen ƴan majalisun komin a faɗin ƙasa, a 2016 kuma aka fitar da dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannonin ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Bayanin ya yi tsari, amma littafin da aka raba mana tsoho ne: yana magana kamar har gobe majalisar komin ce take zama ta amince da kasafin kuɗi, alhali tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi. Malamin ya gyara da baki, sai dai wanda zai koma gida ya dogara da takardar zai rubuta rahoto ya aika wa majalisar da babu ita, kuma wannan ba ƙaramin sakaci ba ne daga cibiyar da take koyar da bin diddigi.

Mako na biyu shi ne inda na ga amfanin kuɗina. Wani dattijo ne ya karantar da mu, tsohon babban sakataren komin da ya yi ritaya, wanda bai taɓa kunna na'urar haska rubutu a bango ba, alli da allo kawai. Ya fara da ƙa'idar da dukan lissafin kuɗin gwamnati ya tsaya a kanta a ƙasarmu, cewa mai ba da umarnin kashe kuɗi daban, mai riƙe kuɗin daban: shugaban komin ya sa hannu, ma'aji ya duba takardu ya biya, kuma kowannensu yana rufe nasa lissafin a ƙarshen shekara. Aikin mai nazari, a cewarsa, yana tsakanin waɗannan littattafai biyu ne, ya ɗora abin da aka yi hasashen samu a kan abin da ya shigo, ya ɗora abin da aka rubuta cikin tsarin raya komin na shekara biyar a kan abin da aka gina a ƙasa, sannan ya nemi dalilin giɓin.

Bai tsaya a allo ba. Ranar kasuwa ya raba mu gida uku ya kai mu wata kasuwar dabbobi da ke kusa, bayan ya nemi izinin hukumar wurin. Wasu suka tsaya a bakin ƙofa suna ƙirga shanu, raƙuma, tumaki da awakin da suka shiga, wasu suka zauna kusa da masu yankan tikiti suna rubuta lambar farko da ta ƙarshe a kowane littafi, sauran kuma suka bi dillalai suna saurare. Da yamma muka haɗa alƙaluman, suka ƙi haɗuwa, nan take wani matashi a cikinmu ya ce ai sata ce ƙarara. Dattijon ya bari ya gama, sannan ya ce masa: "Ɗana, kafin ka kira mutum ɓarawo, ka tambaye shi ƙarfe nawa littafin tikitinsa ya ƙare." Da muka koma kan abin da muka rubuta sai ga shi littafin ɗaya daga cikin masu karɓar harajin ya ƙare tun kafin azahar, babu wanda ya kawo masa wani, ga kuma ciniki mai yawa da ake ƙullawa a bayan shinge inda babu mai yankan tikiti ko ɗaya, ga dabbobin da suka shiga suka fito ba a saye su ba. Wannan bai wanke kowa ba, domin akwai ragowar da babu bayaninta, amma ya nuna mana cewa giɓi ɗaya yana iya samun uwaye huɗu, kuma kowace uwa da maganinta: wata a buga ƙarin littattafai, wata a matsa da shinge, wata a sauya wa mutum wurin tsayuwa, wata kuma sai an miƙa ta ga masu bincike. Mai nazarin da ya haɗa su duka ya sa musu suna ɗaya ya ɓata wa talaka suna, bai kuma ƙara wa asusun komin ko dala ba.

Shi ne kuma ya tilasta mana rubuta rahoto da bai wuce shafi biyu ba, shawara a sama, hujja a ƙasa, yana cewa shugaban da ke da jana'iza da safe, taro da hantsi, rikicin manoma da makiyaya da rana, ba zai karanta shafi talatin ba. Sau uku ya maido mini nawa.

Na gwada wannan hanya a ofishinmu da na koma. Jama'a sun daɗe suna kuka cewa takardar haihuwa tana jinkiri, mu kuma muna ɗora laifin a kan ƙarancin ma'aikata. Sai na ɗauki takardu na wata uku na rubuta wa kowace ranaku huɗu: ranar da aka bayyana haihuwar a gidan likita ko wurin mai gari, ranar da bayanin ya iso gare mu, ranar da aka rubuta, da ranar da aka sa hannu. Ashe rubutun ba ya cin lokaci, kwanakin suna mutuwa ne a ƙauye, inda littattafan suke jiran wanda zai zo gari a kan babur ya taho da su. Maganar ba ta ɗaukar sabon ma'aikaci ba ce, ta kuɗin mai ce da tsayar da rana ɗaya a mako. Da ban je kwas ɗin ba da har yanzu ina cikin masu neman a ƙaro mana mutum.

Mako na uku, na kwamfuta, shi ne ya ba ni haushi. Kwamfuta shida aka tanadar wa mutum goma sha takwas, biyu daga ciki ba sa tashi sai an yi ta fama, kuma cibiyar ba ta da injin wuta, don haka duk ranar da aka ɗauke wuta sai darasin ya koma hira. Abin da aka koya na Excel bai wuce tarawa da ɗebewa da zana ginshiƙai ba, alhali wanda zai tace rajistar masu biyan haraji ta ƙauyuka hamsin yana bukatar ya iya gano sunan da aka maimaita, ya haɗa jadawali biyu, ya ware adadi ƙauye-ƙauye cikin ɗan lokaci. An ambaci KoboToolbox, wadda ƙungiyoyi da yawa suke tattara bayanai da ita ta wayar salula, amma ba mu buɗe ta ba ko sau ɗaya. Haka kuma an gaya mana cewa yawan jama'ar da ake lissafi da shi ya samo asali ne daga ƙidayar 2012 ta cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, ba a nuna mana yadda ake kimanta ƙaruwar jama'a daga wancan lokaci ba, kuma duk wanda zai ce rijiya nawa ko aji nawa gari yake bukata da wannan lissafi zai fara. Makon ƙarshe ya taɓo kwangiloli da yadda ake shirya takardun neman tallafi daga ANFICT, hukumar da ke samar wa ƙananan hukumomi kuɗaɗe, amma a gurguje, kwana biyu kacal.

Sai maganar cancanta, wadda a nan ne nake ganin tallar cibiyar ta wuce gona da iri. Suna karɓar duk mai takardar bakaloriya, suna kuma barin mutum ya ɗauka cewa makonni huɗu za su mayar da shi mai nazari. A ajinmu bambancin ya fito fili: waɗanda suka zo da lisans a fannin tattalin arziki, gudanarwa, shari'a ko ƙididdiga, daga Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da waɗanda suka riga suka yi shekaru a ofis, su ne suka bi darussan, sauran sun yi ta kwafar allo. Aikin yana son wanda ya iya rubuta Faransanci mai tsabta, tunda da shi ake rahoto, yana kuma son wanda zai zauna da masu gari da dillalai da Hausa, in ya nufi wajen Abalak ko Cintabaraden kuma Tamajak ko Fulatanci za su buɗe masa bakin da takarda ba za ta buɗe ba. Akwai kuma abin da babu cibiyar da za ta sayar, wato mutum ya iya ajiye wa shugabansa alƙaluman da ba zai so gani ba, cikin ladabi, ba tare da ya rage ko ya ƙara ba, a garin da mai yankan tikitin ƙanen matar wani ne a ofis.

Takardar da ake bayarwa a ƙarshe shaidar halarta ce kawai, ba digiri ba ce, kuma ba ta kama ƙafar karatun makarantar horar da ma'aikatan gwamnati ta ENA da ke Yamai ba. A ma'aikatun komin da na yi hulɗa da su ban ga kujera mai wannan suna ba. Babban sakatare ne ko jami'in tsare-tsare yake haɗa aikin da nasa, sai kuma ƙungiyoyi da ayyukan raya ƙasa da suke ɗaukar mutum na ɗan lokaci. Saboda haka matashin da zai sayar da tunkiyar mahaifiyarsa ya biya jika 120 da fatan aiki yana jiransa, ina ba shi shawara ya dakata. Ma'aikacin da yake ciki, musamman sakatare, mataimakin ma'aji ko mai rajista irina, shi zai ci moriyar abin, da sharaɗin ya tambaya tun kafin ya biya ko dattijon nan ne zai karantar da mako na biyu, ko za a fita kasuwa, kuma ya zo da tasa kwamfutar.

Na rubuta wa shugaban cibiyar takarda a kan littafin da ya tsufa da kuma makon kwamfuta. Bai mayar da ko dala ba, amma ya kira ni ya ce in dawo in maimaita mako na uku kyauta a zagaye mai zuwa, ya kuma ce suna neman injin wuta. Na gaya masa cewa ranar da injin ya iso ya aiko mini da hotonsa, sannan in nemi izinin barin ofis.