Masakwa, masara, jigari ko shinkafa: wanne za a cika ɗaki da shi bana?

Duk mai riƙe da gida a Marwa ko Garwa, nan arewacin Kamaru, ya san inda kuɗin cefane yake zurarewa, a awo ne. Nama ana iya haƙura da shi a kaɗa kuka da daddawa a wuce wurin, amma tuwo dole ne, kuma wanda yake awo tasa-tasa kullum a butik ɗin unguwa shi yake biyan farashin da ya fi na kowa, don ribar mutum uku ko huɗu ce a kan tasar nan tasa: wanda ya saro a ƙauye, mai kamiyo, ɗan sari na kasuwa, sannan mai butik. To in Allah ya hore aka samu ɗan abu a hannu, ko ɗaukar adashi ta zo kanki, sai a sayi buhu a ajiye. Tambayar da mata suke yawan yi mini ita ce buhun me, kuma yaushe.

Ni dai ba zan ɓoye ba, masakwa nake cewa, dawar rani wadda Fulani ke kira muskuwari. Bara in fara kawar da sauran tukuna don kar a ce ban yi musu adalci ba.

Shinkafar waje ta butik, wannan ta ranar Juma'a ce da ranar baƙi, duk gidan da ya mayar da ita abincin kullum albashi ba zai ga 20 ga wata ba. Gero yana da daɗi, fura da kunu ba su da kamarsa, amma tsadarsa ta fi ta dawa, a sayi kaɗan na kunun azumi kawai. Shinkafar Yagwa da Maga, ta gonakin SEMRY, kamfanin shinkafa na gwamnati, ita kam ina ganin mutuncinta, tamu ce, tana kumbura kuma tana tuwo mai kyau, sai dai wadda aka casa a ƙananan injina akwai tsakuwa da karyayya, ga shi 'yan Najeriya suna kwasar shanshera tun daga bakin gona sai su ɗaga mata kuɗi, in kuma aka yi ambaliya irin ta 2024 a Mayo Danay ba sai na faɗa ba. Rabin buhu ya isa gida.

Jigari, jar dawar damina, ita ta fi araha a watan goma, kuma babu laifi a ci ta daga kaka zuwa sanyi. Amma tuwonta ja ne mai ɗan bauri, yara suna tura kwanon, sannan masu dafa bilbil, giyar dawa, suna neman ta sosai, su ma suna taɓa farashin.

Masara ita ce abokiyar takarar gaske, musamman ga mutanen Garwa da suke kusa da Ngong inda ake nomanta da yawa. Daga watan goma zuwa sha biyu tana sauka ƙasa, tuwonta fari tas, kowa yana so. Abu biyu ne suka sa ban sa ta a gaba ba. In aka kai ta surfe abin da yake fita na dusa da tsaki ba kaɗan ba ne, ki auna tasa goma ki kai inji ki dawo ki sake aunawa za ki gane abin da nake nufi, ga kuɗin surfe daban na niƙa daban. Na biyun ya fi muni: ana girbe ta sama bai gama bushewa ba, manomi yana sauri ya sayar don kuɗin lakwal ɗin yara da bashin taki, sai ta shigo kasuwa da sauran danshi. Masara mai danshi in ta kwana biyu a buhu sai ta yi fumfuna, kuma fumfunar masara da gyaɗa akwai wani guba a cikinta da likitoci ke cewa aflatoksin, hanta yake ci a hankali, wanki ko dahuwa ba sa kashe shi. Ƙwaro ma ita yake fara shiga. In za a saya a bari sai sanyi ya kama sosai, watan sha biyu ko ɗaya, lokacin iska ta busar da ita.

To mu zo kan masakwa. Ita bayan dashe ba ta san ruwan sama ba sam. Ana yafa irinta a ƙarshen damina, a cire dashen a kai karal, baƙar ƙasar laka mai tsagewa irin ta wajen Salak da Bogo da sauran filayen Diyamare, a huda rami da sandar icce mai tsini a zuba ɗan ruwa a dasa, wajen watan tara zuwa goma, shi kenan. Da danshin da ƙasa ta riƙe da sanyin hunturu take girma har ta nuna, a yanke ta a watan ɗaya zuwa biyu, wani wurin har uku. Ki duba lokacin nan da kyau, lokacin da ko wanki kika shanya kafin ki juya ya bushe. Hatsin da aka sussuke a wannan iska ya shigo buhu a bushe ƙarau, babu maganar fumfuna, shi ya sa take jure ajiya fiye da duk abin da aka girbe da kaka. Kuma tana zuwa ne a daidai gaɓar da ake bukata, ki saya a watan biyu ko uku ta kai ki watan bakwai da takwas, watannin da rumbuna suka ƙare, hanyoyin ƙauye suka lalace, tasa ta hau sama har mutum yana tsayawa gaban mai awo yana lissafi da yatsu.

Iri-iri ce. Safrari mai ruwan ɗorawa ita ce sarauniya, garinta yana da auki, tuwon yana da ɗan zaƙi-zaƙi kuma yana kwana lafiya a yi ɗumame da safe bai saki ba. Majeri fara ce, ga masu son tuwo ya yi kama da na masara. Akwai burguri, ta fi araha amma ba ta kai su daɗi ba, ni ba na saye. Safrari ba ta son dogon surfe, wasu ma wankewa kawai suke su shanya su kai niƙa, kusan abin da kika auna shi za ki tuƙa. Tuwo, kunu, koko, dambu, har a haɗa garinta da na wake a yi ɗanwake, buhu ɗaya yana aikin abinci kala-kala. Gidanmu in aka tuƙa ta da miyar yakuwa da gyaɗa ko busasshiyar kuɓewa, ba mai tambayar ina nama.

Abu ɗaya da za a lura, a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai kakar masakwa, kuɗi suna tafiya a sukari da mai da kayan sallar yara, sai mutum ya ce bari bayan salla. Bayan salla manyan 'yan sari sun riga sun kwashe sun zuba a sito suna jiran damina. In da hali a ware kuɗin buhu tun kafin a ga wata.

A ina za a saya? Kasuwar ƙauye ta fi sauƙi, irin Bogo ranar Alhamis, mutanen Garwa kuma Pitowa ranar Lahadi. Amma a yi lissafin mota. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa, fetur ɗin sumoga da ake shigowa da shi daga can, ya daina araha, a gidan mai kuma litar fetur ta kai sefa 840 a watan biyu na 2024, don haka zuwa ƙauye saboda buhu ɗaya asara ce, kuɗin moto da dako sun cinye ragin. Gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su tura mutum ɗaya mai ido, ko kuma a tsaya kasuwar Litinin a nan Marwa a sayi na manoman da suka kawo da kansu, da sassafe kafin dillalai su tare su a bakin hanya. Yawan buhun kuma ba a yin sa da ka. Ki ƙirga tasa nawa gidanki yake ci a rana, in biyu ne to 60 kenan a wata, ki ninka da watannin da kike so, ki ƙara na baƙi da na sadaka.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, don duk arahar da aka samo a nan take zubewa. Kar ki yarda ki sayi buhu a ɗinke. Ko waye mai shi, ko da carbi a hannunsa. Wani ɗan kasuwa ya taɓa sayar mana da buhu, bakinsa safrari ce mai sheƙi, aka soka ƙarfen nan mai rami ta sama da ta ƙasa duk kyakkyawa ta fito. Sai da damina ta yi nisa muka ci muka kai tsakiya, sannan na sa kwano na ɗebo wata tsohuwar dawa ta bara ko ta bara waccan, duk ƙwaro ya huda ta, in kika matsa ƙwaya ɗaya da yatsa sai ta fashe ta zama gari, ga ƙaiƙayi ga yashi a haɗe, wari kamar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya zuba mai kyau a gindi, ya cusa ruɓaɓɓiya a ciki, ya rufe da mai kyau. Kuma ƙwarin nan sun riga sun bi sauran buhunan da ke kusa. Lokacin hatsi ya yi tsada, muka koma awo tasa-tasa da yara a gida. Da maigidan ya koma wurinsa cewa ya yi shi ma haka ya saro. Allah ya isa kawai muka ce.

Don haka a zazzage a kan tabarma ko leda a gabanki, duka. Zai ce haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne? Ki ce Alhaji na yarda da kai, buhun ne ban yarda da shi ba, a juye mini a nawa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, ɗari biyun yaron da zai juye kawai za ki biya. Ki tura hannu har gwiwar hannu ki ɗebo daga wurare daban-daban. In tafin hannunki ya fito da farin gari, ƙwaro ya riga ki. Ki ciza ƙwaya, busasshiya tana ƙara ƙas, mai danshi tana lotsewa. Akwai masu yayyafa wa hatsi ruwa da dare don ya kumbura ya cika mudu, wannan in kika sa hannu za ki ji sanyi-sanyi. In kina shakka, musamman a masara, ki samu busasshiyar kwalba ki zuba hatsin da ɗan gishiri busasshe ki girgiza ki bar shi jim kaɗan, in gishirin ya manne a jikin kwalbar bai bushe ba, kar ki ajiye shi.

Sai tasa. Wallahi tasar saye daban ta sayarwa daban a wurin wasu. Akwai wadda aka bubbuga gindinta ya shigo ciki, akwai wadda aka yanke bakinta aka sake naɗewa, akwai kuma iya hannu, in yana saye a wurin manomi ya tula har da tallafa wa da hannu, in yana sayar miki ya share kai. Ki je da taki daga gida, ki ce da ita za a auna, a yi ciniki a kanta. Buhu ma ba duka ɗaya ba ne, ana cewa na kilo 100 amma wani an rage masa faɗi da ɗinki ta ciki, shi ya sa ƙirga tasa ya fi kallon tsayin buhu. Dillalin da ya tare ki ya ce zo ga na ƙanena mai kyau, la'adarsa a cikin kuɗinki take.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne magani. Wasu suna zuba wa hatsi, wake ma ya fi, maganin feshin auduga ko wani farin gari da ba a san sunansa ba don kar ƙwaro ya taɓa kafin farashi ya hau. Ki shinshina. In kika ji wari kamar na kalanzir ko na fiya-fiya, ko kika ga wake a watan shida sumul ko huda ɗaya babu kuma ba daga buhun leda aka fito da shi ba, ki tambaya da kyau ko ki wuce. Ke ma a gida kar a ce miki ki jefa ƙwayar Phostoxin a buhu ki ajiye a ɗakin da ake kwana, iskar da take fitarwa tana kashe mutum, ba ƙwaro kaɗai ba.

Abin da nake amfani da shi buhun PICS ne, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Mutane da yawa ba su san a nan Marwa aka fara gwada dabarar ba, masu binciken noma namu da na jami'ar Purdue ta Amurka, tun wajen ƙarshen shekarun 1980 a kan wake, daga baya a 2007 aka fara yaɗa buhun a ƙasashe. Babu magani ko kaɗan, iska ce take ƙare wa ƙwaron ya mutu. A zuba hatsi, a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki a ɗaure, sannan ta biyu ita ma daban, sannan na waje. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera da gara, kar a riƙa buɗewa kullum, na ci yau da gobe a ɗebe shi a wani mazubi. In ba a huda shi ba yana yin shekara uku ana sake amfani da shi. Wake kaɗan kuma bido mai murfi da ya bushe sarai yana yin aikin, a cika shi har wuya a toshe.

Shi ma buhun an fara yin na bogi. Za ki ga an ɗauko ledar banza mai shara-shara guda ɗaya an zura a buhun taki an ce miki shi ne. Na gaske ledojinsa biyu ne, masu kauri da ba sa miƙewa in kika ja da yatsa, da sunan a buge a jikin na waje. Kafin ki biya ki zaro kowace leda ki kaɗa ta ta cika da iska, ki riƙe bakin ki danna, in tana saki a hankali akwai huda ko ɗinkin gindin ya buɗe, a canza miki wata a wurin. A shagon masu sayar da iri da taki ake samun na kirki, kuma a saya tun watan ɗaya, don da masakwa ta shigo kasuwa sai ya yi wuya.