Sikelin aljihu da tsofaffin sulallan azurfa

Duk mai sayen tsofaffin kuɗi a Legas ya san yadda cinikin yake. Mai kaya zai zazzage maka su a tafin hannu ya ce, "Alhaji, na zamanin Turawa ne, azurfa zalla." Shi ya sa na sayi ƙaramin sikelin nan mai batir, irin na masu gwal, a Idumota. Yana shiga aljihun kaftani, kuma yana auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram.

Abin da na fi tarawa shi ne kuɗin da Ingila ta buga wa Afirka ta Yamma tun daga 1913: fataka, sule, sisi da taro, masu kan Sarki Joji na Biyar. Sule da fataka suna da bishiyar kwakwar manja a baya. Sule na ƙwarai giram 5.65 ne, fataka kuwa 11.31. Wanda ya sha hannu, har rubutun ya fara shafewa, zai ɗan ragu, wannan ba komai. Amma in ka ga yana sheƙi kamar jiya aka buga shi, nauyi kuma ya gaza sosai, mayar masa da kayansa. A nan sikelin ya biya kuɗinsa.

Sai dai bai san azurfa ba, nauyi kawai ya sani. Na 1913 zuwa 1919 azurfarsu kashi 92.5 ce cikin ɗari, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, daga nan aka koma tagulla. Dole ka karanta shekarar da idonka, ka kuma duba ƙaramin harafin H ko KN, alamar masana'antun Birmingham da suka buga wasu daga ciki. Haka liyarin nan na Mariya Tereza, tsohon kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai giram 28: duk wanda ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa, alhali an yi ta sake buga shi shekara da shekaru. Sikeli ba zai faɗa maka tsufansa ba.

Wata matsalar sikelin kuma, ba ya son iska. Fanka na kaɗawa, lambobin sai su yi ta rawa, kuma dole a ɗora shi kan tebur mai daidai. A cikin cunkoson kasuwa wannan aiki ne. Ga mai fara tarawa, ina ganin ya dace ya saya, ya haɗa da gilashin ƙara girman rubutu.