Tiren sanyaya laftof: abin da na gani bayan wata huɗu

Na sayi tiren nan mai fanka biyar a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, laftof ɗina kuma ta koma kamar injin markaɗe da zarar na buɗe wasan GTA V. Minti ashirin da fara wasa sai hoto ya riƙa sarƙewa, maɓallan W, A, S da D su ɗau zafi har yatsu su ji. Da na duba da manhajar HWiNFO, furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, tana yawo wajen digiri 95. Yawancin furosesoshin Intel na laftof iyakarsu digiri 100 ne, kuma idan suka kusa kaiwa sai su rage gudu da kansu don kada su lalace. Wannan rage gudun shi ne sarƙewar da nake gani.

Tiren ba shi da nauyi, da kebul ɗin USB yake shan wuta, wato ya cinye maka rami ɗaya. Ranar farko zafin ya sauka da digiri huɗu ko biyar, na yi murna sosai. Sai wani dare na kashe fankokinsa na bar laftof ɗin a kai, don in gane ko aikinsu ne. Bambancin bai kai digiri biyu ba. Ashe yawancin amfanin daga ɗaga laftof ɗin ne. Ta ƙasa take shaƙar iska, ni kuwa da a kan katifa nake ajiye ta, bargo ya toshe mata hanci. Fankokin ma biyu ne kawai suka yi daidai da ramukan iskarta, sauran ukun roba suke hurawa. Ga fitilu shuɗaye da ba a iya kashe su daban, suna hana ƙanena barci tunda ɗaki ɗaya muke kwana.

Abin da ya kawo sauyi na gaske shi ne kai laftof ɗin wurin mai gyara. Da ya buɗe bayanta, ƙurar hunturu biyu ta dunƙule kamar auduga a bakin siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu. Ya riƙe fankar da yatsa kafin ya hura mata iska, ya ce barin ta tana juyawa da ƙarfi yana kashe ta. Sannan ya goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da bututun tagulla, wanda ya bushe kamar alli, ya shafa sabo mai suna Arctic MX-4. Daga ranar ban sake ganin digiri 90 ba.

Ƙara kuwa tiren bai rage ta ba ko kaɗan, sai ma ya ƙara tasa. Saiti ne ya yi maganinta. Allon laftof ɗina hoto 60 yake nunawa a daƙiƙa, amma katin hoto, wato sashen da ke haɗa hotunan wasan, yana ta wahalar haɗa sama da haka a banza. Na shiga Nvidia Control Panel, manhajar saita katin hoton, na ƙayyade shi a 60. A saitin wutar Windows kuma na mayar da iyakar ƙarfin furosesa kashi 99 maimakon 100, abin da ke hana ta ƙarin gudun da takan yi da kanta idan aiki ya yi yawa, wanda ke janyo zafi. Wasan bai canza a idona ba, amma yanzu ina jin muryar abokan wasana ba sai na ƙure sauti ba.

Har yanzu ina amfani da tiren, domin tsayin da yake bai wa allon ya sauƙaƙa mini ciwon wuya. Wanda bai taɓa share cikin laftof ɗinsa ba dai, gara ya fara kai kuɗin wurin mai gyara. A wata na huɗu ɗaya daga cikin ƙananan fankokin ta fara karkarwa, tun daga nan a kashe nake barin su.