Ejan ɗin da ya haɗa mana tikitin Umara daga Birnin Kebbi

Mu 18 ne muka yi niyyar Umara, dangi da 'yan islamiyyar Hajiyarmu, sai aka haɗa ni da wani ejan a nan Birnin Kebbi. Gaskiya mutumin ya san aikinsa. Shi ya fahimtar da ni cewa in kun kai mutum 10 kamfanin jirgi na ba ku farashin rukuni, ku ajiye kafin alƙalami a riƙe muku kujeru, sunaye kuma sai daga baya, wanda hakan ya cece mu don fasfo ɗin Kawu bai fito da wuri ba. Ya kuma ce mu bar maganar azumi, lokacin tikiti wuta yake, muka tafi a Rajab.

Inda ya ɓata min rai, na zaci daga filin jirginmu na Ambursa za mu tashi, ashe sai Kano. Bai faɗa ba sai ana saura sati biyu! Kuɗin bas da kwanan otal suka cinye kusan rabin rangwamen, ga tsofaffi da ciwon ƙafa, Hajiya har Jidda tana mita.

Amma dai yana ɗaga waya ko da tsakar dare, kuma ba wanda kayansa suka ɓata. Zan koma wajensa, sai dai wannan karon a rubuce zai ba ni komai.