Mai tura waƙa na bakin tasha da foldojinsa na ranakun ƙasa

Akwai wani ɗan shagon caji da tura waƙa a bakin tasharmu, rumfar katako ce kawai, kwamfuta ɗaya sai wayoyi jere a caji da ƙaramar sifika, amma yaron da ke wurin ya yi abin da ban gani wurin sauran ba. Ya ware waƙoƙin ranakun ƙasa folda folda, 1 ga Oktoba daban, 12 ga Yuni daban, 29 ga Mayu daban, har da 15 ga Janairu ta tunawa da mazan jiya, wadda mu nan ita ce kuma ranar da aka kashe Sardauna a 1966.

Kuma ba tarkace ya zuba ba, ya san abin da yake yi. Foldar 29 ga Mayu ta rantsuwa da miƙa mulki ce tun daga 1999 da Abdulsalami ya miƙa wa Obasanjo, ita kuma ranar dimokuraɗiyya ya bi ta zuwa 12 ga Yuni yadda Buhari ya mayar da ita a 2018 saboda zaɓen Abiola na 1993 da aka soke. Taken ƙasa ma guda biyun duk ya ajiye, na 1960 da aka daina a 1978 sannan aka dawo da shi a 2024, da wanda muka taso muna rerawa a asambuli, kowanne ya rubuta shekararsa a jiki. Duk malamin firamare da ke fama da yara suna haɗa baitin wannan da na wancan zai gane amfanin haka.

Inda ya fi burge ni tsofaffin mawaƙa ne. Kalangun Shata, kotson Ɗanƙwairo, kuntigin Ɗan Maraya Jos, yawanci daga kaset aka kwaso su, kana jin shuuu ɗin nan a ƙasa, wata ma muryar mai gabatarwa a rediyo ce ke fara fitowa kafin kiɗa ya shigo, ni dai wallahi haka na fi so, bana son a goge. Matsalar ita ce ƙarar ba ɗaya ba ce, wata sai ka ƙure sifika kafin ka ji, ta gaba kuma ta shigo kamar za ta fasa maka kunne, in a taro ne dole a tsayar da mutum kusa da na'ura.

Abin da ya ɓata min rai sosai shi ne foldar 1 ga Oktoba, ya cusa waƙoƙin kamfen a ciki, na jam'iyya, masu habaici da zambo. Na ce masa ƙanena wannan ranar ai ta kowa ce, dattijo ɗan wata jam'iyya yana zaune a wurin taro a sako waƙar da ke zagin gwaninsa, me kake so ya yi? Ya ce Yaya ai su aka fi tambaya. Na yarda ana tambayarsu, kuma waƙar siyasa tana da gurbinta tun zamanin tsofaffin jam'iyyun NEPU da NPC, amma a ba ta foldarta, kar a haɗa ta da ranar 'yancin kai. Sannan wasu sababbin akwai muryar DJ da ke ta kiran sunansa a tsakiya, su ma ba sa shiga taro.

Direbobin Maraɗi na tambayarsa na 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta sami 'yancin kai, da sabon takenta na 2023, har yanzu bai haɗa ba, ya kamata ya yi.

Kuɗinsa babu tsada. Ka je da memori ko filas ɗinka, ka sa ya kunna maka kowace ka ji kafin ya tura, kuma kar ka bari sai ana gobe biki don layi ake yi.