Littafin cinikin Kawu da pheatmap: abin da na gani

Kawuna yana da shagon hatsi a Aboabo, nan Kumasi, kuma duk abin da ya fita daga shagon sai ya shiga littafi. Da na fara koyon R, manhajar lissafin bayanai, a jami'ar KNUST, sai na ce bari in gwada hannuna a kan cinikinsa na 2024. Kaya 18, wata 12. Kwana uku na yi ina kwafe lambobi, don rubutun Kawu sai shi.

Da farko na gwada umarnin heatmap da ke zuwa tare da R, mai nuna lambobin tebur da launuka. Hoto ya fito, amma babu ma'aunin launi a gefe, ba ka san me ja ke nufi ba. Sai wata 'yar ajinmu ta nuna mini pheatmap, wani ƙarin kayan aikin R mai zana irin wannan hoton, wanda Raivo Kolde ya rubuta, kyauta ne a CRAN, ma'ajiyar kayan R. Layi ɗaya na rubuta, sai ga taswira daga shuɗi zuwa ja, ga ma'auni, ga rassa kamar na bishiya suna haɗa kayan da cinikinsu ya yi kama.

Murnata ba ta daɗe ba. Layin shinkafa ya yi jawur, sauran duk shuɗi, kai ka ce Kawu ba ya sayar da komai sai ita. Ashe pheatmap ba ya daidaita lambobi sai ka ce masa, kuma nisan Euclid yake aunawa, wato tazarar da ke tsakanin lambobin kai tsaye, don haka mai babban adadi shi ke danne kowa. Da na sa scale = "row", aka auna kowane kaya da matsakaicinsa, sai abu ya buɗe. Gero, wake da sukari suka taru a reshe guda, suka yi ja a Maris da farkon Afrilu.

Na kai wa Kawu kwamfutar bayan la'asar. Ya gyara tabarau, ya bi reshen da yatsa, ya ce, "To ai azumi ne, yaro. Masu koko da ƙosai ke nan. Wannan ne ka kwana uku a kansa?" Ban ce komai ba. Amma da ya ga gyaɗa ta ware ita kaɗai can ƙasa, shiru ya yi, ya ce in bar masa hoton.

Abu biyu suka ba ni haushi. Na farko, pheatmap ya hargitsa watannin, Disamba ta zauna kusa da Mayu, sai da na sa cluster_cols = FALSE suka koma jerinsu. Na biyu ya fi ciwo. Akwai wani kaya da adadinsa bai canza ba duk shekara, daidaitawar ta koma raba lamba da sifili, shirin ya tsaya cak da wani saƙo da bai ambaci layin da ke da matsalar ba. Dare guda ya ci mini, ga ɗauke wuta.

Sannan a kula, rassan nan kullum sai sun fito, ko da lambobin banza ka zuba masa. Na canza hanyar haɗawa daga complete zuwa average, rukuni biyu suka sauya wuri, na azumi ne bai motsa ba. Shi kaɗai na yarda da shi.

Ga ɗalibi mai ƙaramin tebur irin nawa, pheatmap ya wadatar. Mai son jera taswirori da yawa gefe da gefe ya nemi ComplexHeatmap a Bioconductor, wata ma'ajiyar kayan R. Ni dai Kawu ya riga ya miƙo mini littafin 2023.